Numfashin Aro

A layinsu kaf, tun daga famfon bakin titi har inda katangar masana'anta ta tare hanya, Zugazugi ne kaɗai mai furfura. Shekararsa arba'in da bakwai. In ya cire hula zai wanke fuska sai ka ga yara sun taru suna leƙen kansa, don ba su taɓa ganin farin gashi a kan mutum ba, sai dai farin ƙura, wanda ruwa ke wankewa. A garin nan wanda ya kai arba'in ya yi ƙoƙari. Wanda ya ga jikansa kuwa, nuna shi ake yi da baki in ya wuce.

Kada ka zaci yaƙi ne ko annoba. Ina! Da annoba ce ai da sauƙi, ta yi ɓarnarta ta wuce. Abin da ke cin mutanen garin a hankali yake cin su, kuma kowa ya san sunansa. Ruwan famfo da ke zuwa sau biyu a mako, ja-ja da ɗanɗanon tsatsa, shi ke kwashe jarirai. Abincin gwangwanin da ake rabawa yana cika ciki amma ba ya zama jini. Aiki awa goma sha biyu ne a tsaye, tun mutum yana ɗan sha bakwai. Sannan ga uwa-uba ƙurar farin dutsen da masana'anta ke niƙawa, wadda ke shiga ƙirji ta yi zamanta, ba ranar fita.

Amma babban abin haushin shi ne kati. Kowane ma'aikaci yana da katin aiki, kuma a kan katin nan komai ya rataya: ɗakin kwana, ruwa, gwangwani, magani. Duk wata shida ake awon huhu, wanda ya faɗi a karɓe katinsa a ranar. Ka ji tsari don Allah! Wato magani na masu lafiya ne, marar lafiya kuwa ya san inda dare ya yi masa. Wanda aka karɓe wa kati sai ya kwashi komatsansa ya sauka Gangare, can bayan katanga, inda ruwan wankin masana'anta ke malalewa. Ba a cika samun wanda ya yi shekara biyu a can ba.

Shi Zugazugi ɗingishi ne ya cece shi. Da ƙafa ɗaya gajeriya aka haife shi, shi ya sa ranar rabon aiki aka kalle shi aka ce ba zai iya ɗaukar buhu ba, aka jefa shi asibitin kamfani shara da goge-goge. Sa'o'insa suka yi ta yi masa dariya, wai an ba shi aikin tsofaffi. Duk masu dariyar nan shi ya raka su makwanci.

Ɗakin awo ɗan ƙarami ne, labule ya raba shi biyu. A waje Malamar awo ke zama da na'ura da takardu. A bayan labule akwai kujera ɗaya da tiyo mai bakin roba, sai Zugazugi da bokitinsa, don shi ke wanke bakin tiyon in wani ya gama kafin wani ya sa. Mutum zai zauna, ya cika ƙirji, ya hura sau ɗaya tak. A fuskar na'urar akwai tsinke kamar na agogo. In ya hau kore an tsira, in ya tsaya a ja shi ke nan.

Shekara goma sha uku da suka wuce ƙanin matarsa ya shigo bayan labulen nan yana haki kamar wanda aka koro. A ɗakin niƙa yake aiki, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya kalli tiyo, ya kalli Zugazugi, ya dafe ƙirjinsa da tafin hannu, ya ce cikin raɗa, “Yaya, ka rufa mini asiri.”

Zugazugi bai tsaya dogon tunani ba. Ya karɓi tiyo ya hura, tsinke ya haye kore har yana rawa. Ƙanin matar ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, “Allah ya ja da ranka, Yaya.” Ya ce amin. Mutumin ya ƙara shekara biyu a duniya, ya mutu a kan gadonsa, a ɗakinsa, 'ya'yansa ba su kwana a Gangare ba. Wa zai ce wannan ba alheri ba ne?

To, ka san magana ba ta kwana a ciki ɗaya. Kafin awo na gaba duk ɗakin niƙa sun ji. Abin ya zama al'ada, ba a ma buɗe baki: ka shiga bayan labule, ka dafe ƙirji, Zugazugi ya hura maka. Daga nan sunan ya samo asali, wai ƙirjinsa zugazugin maƙera ne. Kuma aikin ya iya shi ba wasa ba. Ba ya hura wa kowa iri ɗaya, don kada tsinke ya tona asiri. Mace ya rage mata, ƙato ya ƙara masa, wanda ya fara manyanta ya sa tsinken ya haye da ƙyar kamar mai hawa tudu. Malama ta sani sarai, amma idonta na kan tsinke, ba ta taɓa kallon labule ba. Bai taɓa karɓar ko ƙwayar ashana daga hannun kowa ba. Abin da yake samu addu'ar nan ce guda, kowa ya miƙe sai ya ce masa, “Allah ya ja da ranka,” shi kuma ya ce amin. Addu'ar kuwa ta ci, don masu yin ta suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan.

Matarsa ta rasu tana da talatin da shida, a ɗakin ɗinkin buhu ta ɗebo nata tarin. 'Ya'yansu biyu na farko ruwan famfo ya ɗauke su tun ba su yi haƙori ba. Auta kaɗai ta rage masa, kuma yadda ya rene ta sai wanda ya gani. Ruwan shanta sai ya tace da ƙyalle ya tafasa sau biyu. Tagar ɗakinsu kullum da jiƙaƙƙen zane a rataye. Yarinyar ta tashi da murya garau, in tana waƙa tana wanke kwanuka maƙwabta har shiru suke yi, don a layin nan ba a saba jin wanda ya ja dogon baiti bai tsaya ya yi tari ba.

Da ta cika sha bakwai, Zugazugi ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi alfarma. Ya je ofishin rabon aiki ya durƙusa wa akawu, ya ce shekara talatin yana share asibiti bai taɓa neman komai ba, don Allah a sa 'yarsa inda iska ke da kyau. Akawun mutumin kirki ne, ya ce ya kwantar da hankalinsa. Bayan mako ɗaya ya kira shi yana murmushi, ya miƙa masa takarda.

“Baba, na duba maka fayil ɗaya bayan ɗaya. Na sa ta ɗakin niƙa.”

“Ɗakin me?”

“Ɗakin niƙa mana. Duk masana'antar nan babu inda ya kai shi lafiya. Shekara goma sha uku ba a samu ko mutum ɗaya da ya faɗi awo ba. Ga shi a rubuce, duba da idonka.”

Zugazugi ya duba. Layi-layi ne na kore, shafi bayan shafi, kuma kowane layi ya san shi, don daga ƙirjinsa ya fito. Ya ce wa akawu me? Ya karɓi takardar, har da godiya ya yi, ya fito yana jan ƙafa.

A bangon asibitin akwai wata tsohuwar doka cikin gilashi, wadda Zugazugi ke goge wa ƙura kullum safiya. Dokar ta ce in mutum goma na ɗaki ɗaya suka faɗi a awo ɗaya, laifin ɗakin ne ba na mutanen ba: a rufe shi, a gyara fankokin da ke zuƙe ƙura, kuma ba a taɓa katin kowa. Ɗakin niƙa mutum talatin ne. Fankokinsa sun mutu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yanzu riguna ake ratayewa a jikinsu. Wa zai gyara fanka a ɗakin da kowa ke da lafiya?

Ranar hutu ya tarar da Sarkin Tari a layin famfo da jarkarsa. Shi ne babba a ɗakin niƙa, shekararsa talatin da tara, kuma tarinsa ne ke tashin unguwa da safe, shi ya sa aka naɗa masa sarautar.

“Sarki, awon nan mai zuwa ba zan hura wa kowa ba,” in ji Zugazugi.

Sarkin Tari ya ajiye jarka. “Wasa kake, ko ka sha wani abu?”

“Ba wasa. Mutum goma dokar ta ce. Na san ƙirjin kowannenku fiye da matansa, wallahi ko shida ba za su haye ba. Ku faɗi tare, a rufe ɗakin, a gyara fanka.”

“In muka tsaya tara fa? Kai za ka ba mu ɗaki?” Tari ya sarƙe shi, ya dafa bango sai da ya lafa. “To, mu da muka shekara muna haɗiyar ƙurar nan ba ka tuna da doka ba sai yau da 'yarka ta shigo? Ashe namu huhun na banza ne.”

Maganar ta soki Zugazugi, don gaskiya ce. Ya ce, “Na yarda, ihu nake bayan hari. Amma ba zan hura ba.”

Kwana goma kafin awo ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Matan layi in sun hango shi sai su ja tsaki su shige. Wata ta biyo shi har ƙofa tana kuka, tana cewa in mijinta ya sauka Gangare Allah ya isa. Ita kanta Auta, wadda ta yi wata biyu a ɗakin, ta dawo tana cewa, “Baba, ba mai zama kusa da ni lokacin cin abinci.” Ya ce ta yi haƙuri, kwana nawa ne.

Ranar awo ya tsaya bayan labule, hannuwansa a baya. Suna shigowa suna dafe ƙirji, shi kuwa yana kallon bokiti. Wani ya zage shi, wani ya durƙusa, wani ya fizgi tiyo cikin fushi ya hura abin da ya sawwaƙa. A waje alƙalamin Malama ya yi ta ƙara a kan takarda. Da aka tashi, mutum ashirin da huɗu ne a ja. Shida suka haye da numfashinsu, har da Auta.

Kai, ka ga murna a layin nan! Waɗanda suka zage shi da safe su suka ɗaga shi sama da yamma. Sarkin Tari ya zo har gida ya ce, “Tsoho, na janye maganata.” Kwana uku ana lissafin yadda ɗakin zai kasance in fankoki suka tashi.

A rana ta huɗu Manaja ya sauko asibiti da kansa, ɗan aike na biye da shi da tulin fayil. Mutum ne mai sanyin murya, a can tudu yake zaune inda iska ba ta kai ƙura. Ya baje takardun a teburin Malama yana juya su da yatsa ɗaya.

“Shekara goma sha uku ba wanda ya faɗi,” ya ce, “sai rana ɗaya mutum ashirin da huɗu? Haba Malama, ai ko yaro ya san na'urar ce ta lalace. A soke awon.”

Zugazugi yana tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa. Bai san sanda maganar ta fito ba. “Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Koren nan duk ni ne. Ni nake hura musu.”

Manaja ya ɗago ya dube shi, kamar yau ya fara sanin akwai mai shara a asibitin.

“Ban ji ka sosai ba, Baba. In abin da kunnena ya jiyo ne, to mutum talatin sun yi shekaru suna yaudarar kamfani, kuma yau ɗin nan za su sauka Gangare, da su da wanda ya taya su, da duk wanda ke ɗakin. Na ji an ce akwai 'yarka a ciki. Me ka ce ne?”

Zugazugi ya kalli Malama, Malama ta kalli tsinke.

“Cewa na yi na'urar ta tsufa, ranka ya daɗe.”

“Yawwa. Ai na san haka ka ce.”

Fanka ta shekara goma sha ɗaya ba a samu mai gyara ta ba, amma sabuwar na'ura cikin mako ɗaya ta iso, fil a leda. Ta zo da sabon tsari kuma. Wai don kada a gajiyar da ita, mutum uku kawai za a riƙa aunawa a rana, kuma kowace rana awo ne mai zaman kansa. Dokar mutum goma tana nan a bango, ba wanda ya taɓa ta, Zugazugi ma bai daina goge ta ba. Sai dai a nemo yadda uku za ta zama goma.

Ranar farko taurin kai ya hana shi hurawa. Ya ce a ransa in masu kamfani suka ga ja yau, ja gobe, ja jibi, dole su gane. Sarkin Tari na cikin ukun farko. Bai ma dafe ƙirji ba, ya kalli Zugazugi ya ɗauki tiyo ya hura da kansa. Duk ukun suka faɗi, kafin azahar an karɓe katunansu. Da yamma Zugazugi ya tsaya a bakin famfo yana kallon Sarkin Tari na tura katifarsa da tukwane a baro, matarsa na biye da goyo, suna gangarawa bayan katanga. Ba wanda ya zagi Zugazugi a ranar, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Washegari mutum na farko ya shigo ya dafe ƙirji, Zugazugi ya miƙa hannu ya karɓi tiyo. Sarkin Tari wata huɗu ya yi a Gangare.

Ba irin ƙoƙarin da bai yi wa Auta ba bayan nan. Ya ɗinka mata takunkumi ninki huɗu, yana jiƙa mata shi da safe, kafin hantsi ya bushe ya zama dutse. Ya koma wurin akawu neman canji, akawu ya yi dariya ya ce, “Baba, wa ke barin ɗakin da ya fi ko'ina? Har allon yabo aka kafa musu a ƙofa, wata mai zuwa ma za a ƙara musu yara goma sha biyar.” Awo biyu Auta ta haye da numfashinta, na biyun da ƙyar. Daga nan waƙa ta ragu a wurin wanke-wanke, sai ƙarar kwanuka ta ƙaru. In tari ya taso mata sai ta buga murfin tukunya ko ta saki cokula a ƙasa, wai don kada ya ji. Shi da ya shekara talatin yana sauraron ƙirjin mutane! Tun tarin farko ya gane irinsa, busasshe ne mai ɗan kuka a ƙarshe, irin na uwarta.

Ranar awonta ita ce ta uku. Ta ɗaga labule ta shigo da fararen gira, ta zauna a kujerar da kawunta ya zauna, shekararta sha tara. Zugazugi ya wanke bakin tiyo, ya sake wankewa, ya miƙa mata. Ta riƙe shi a cinya ba ta kai baki ba. Can sai ta ɗaga hannun dama a hankali ta dafe ƙirjinta, idonta a ƙasa.

Gaba kura, baya sayaki. In ya ƙyale ta ta hura, yau za ta bar ƙurar nan har abada, kuma yau za ta bi hanyar da baron Sarkin Tari ya bi, inda babu magani babu ruwan da za a tace. In ya hura mata, gobe da asuba za ta koma ɗakin niƙa, ta samu shekara takwas, wataƙila goma, kuma layi ɗaya na kore zai ƙaru a fayil ɗin da akawu zai nuna wa uban wata yarinyar. Ya ji kamar ya fizge tiyon ya maka wa na'urar ta tarwatse. To ya fasa ta, sai me? Cikin mako ɗaya wata za ta iso a leda.

“Ana jira fa,” in ji Malama daga waje, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya karɓi tiyo. Ya auna a ransa yadda yarinya 'yar sha tara mai ƙoshin lafiya za ta hura, yarinyar da ke jan baiti ba ta tsaya ba, ya cika ƙirji ya hura daidai haka. Ya ji alƙalamin Malama ya ja layi.

“Kore. Lafiya ƙalau.”

Auta ta miƙe ta gyara ɗankwali. Ta kama hannunsa da hannu biyu, tafinta kaushi kamar na ƙato, ta ce cikin raɗa, “Allah ya ja da ranka, Baba.”

Ta ɗan tsaya tana jiran amsa, don tun tana ƙarama ba ta taɓa yi masa addu'a ya yi shiru ba. Zugazugi ya sunkuya ya tsoma bakin tiyo a bokiti yana cuɗawa, bai ce amin ba.